Aikin Jakada a Zamanin da Saƙo Ke Riga Manzo Isa

A daren Alhamis, 25 ga Disamba, 2025, wani abu ya faɗo daga sama cikin gonakin Jabo, a ƙaramar hukumar Tambuwal, kusa da asibitin garin. Ƙasa ta girgiza, sama ta yi ja, mutane suka fito daga ɗakuna riƙe da 'ya'yansu ba su san inda za su dosa ba. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai a garin ba. Tun daga Jabo har Dogon Daji, har nan Kebbe da Kuchi, tambaya ɗaya ce a bakin kowa: mene ne wannan, kuma wa ya aiko shi?

Amsar farko daga wayoyin samari ta fito. Shugaban Amurka Donald Trump ya rubuta a shafinsa na Truth Social cewa shi ya ba da umarnin kai hari kan mayaƙan ISIS a arewa maso yammacin Nijeriya, waɗanda ya ce Kiristoci suka fi kashewa. Washegari ministan harkokin waje na lokacin, Yusuf Maitama Tuggar, ya faɗa a talabijin cewa ya yi minti 19 yana magana ta waya da takwaransa na Amurka, Marco Rubio, sannan aka nemi amincewar Shugaba Bola Tinubu, ya bayar, suka sake yin waya gab da harin. Ya ce aikin haɗin gwiwa ne, kuma babu ruwansa da wani addini. Rundunar Amurka mai kula da Afirka ta fara wallafawa a X cewa Nijeriya ce ta roƙi a kai harin, daga baya ta goge, ta ce da haɗin kan hukumomin Nijeriya aka yi. Sai a ƙarshe ministan yaɗa labarai, Mohammed Idris, ya bayyana cewa dajin Bauni na ƙaramar hukumar Tangaza aka nufa, abin da ya faɗo a Jabo da kuma Offa ta Jihar Kwara ɓaraguzan makamai ne.

Gwamnatoci biyu sun yi aiki ɗaya, sun ba da bayani iri biyu, manomin da abin ya faɗo a gonarsa kuwa shi ne na ƙarshen samun bayani. Akwai sana'ar da aikinta ke nan, ta daidaita magana tsakanin masu mulki kafin ta fita, ta kuma tabbatar ta isa inda aka aike ta ba ta canza kama ba. Ita ce sana'ar jakada, kuma mutanen ƙasar Sakkwato ba baƙinta ba ne.

Tambuwal, garin Buhari ɗan Shehu, tana kan hanyar Sakkwato, dab da Gwandu, cibiyoyi biyu na Daular Usmaniyya, don haka tun ƙarni na 19 ƙasar nan ta saba da ƙurar dawakin manzanni. A Sakkwato, gidan Waziri ne masaƙar wannan aiki. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u, shi ya kafa tsarin a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, zuriyarsa suka gaje shi. Kowace masarauta tana da ƙofa a Sakkwato, wato babban mutumin da maganarta ke bi ta hannunsa kafin ta kai ga Sarkin Musulmi, kuma Waziri ne ƙofar Kano da Zazzau da wasu masarautun gabas. Magatakarda zai rubuta wasiƙa da Larabci, a buga mata hatimi, a naɗe ta, a danƙa wa manzo. Sau da yawa takardar gajeriya ce: gaisuwa, addu'a, sai jimloli kaɗan. Sauran bayanin yana bakin manzon, kuma saboda haka ba kowa ake aika ba. Ana duba wanda ya san hanya da rijiyoyinta, wanda ya san yadda ake faɗuwa a gaishe da sarki, wanda zai iya zama kwanaki a masauki ana ja masa rai bai nuna fushi ba, wanda kuma zai dawo ya faɗi abin da ya gani ko da ba shi ubangidansa ke son ji ba. Lokacin da Turawa suka ci Sakkwato a Maris 1903, sun tarar da tarin irin waɗannan wasiƙu a gidan Waziri Buhari. Mai son ganin ire-irensu yau sai ya nufi Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato ko gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna.

Abin da ya fi burge ni a tarihin nan shi ne wasiƙun da aka yi musaya tsakanin Muhammadu Bello da Shehu Muhammadul Amin El-Kanemi na Borno. Ana cikin yaƙi, jini na zuba, El-Kanemi ya rubuto yana tambayar hujjar yaƙar mutanen da ke salla da azumi. Aka ba shi amsa da hujjoji, ya sake rubutowa. Bello bai ɓoye maganar abokin hamayyarsa ba, ya sa ta a littafinsa Infaƙul Maisuri. Kowace wasiƙa sai ta yi makonni a hanya, kuma waɗannan makonni su ne jarin sana'ar. Kafin amsa ta iso zuciya ta huce, an yi shawara da malamai, an sake karanta abin da aka rubuto da idon basira. Baturen nan Hugh Clapperton, da ya taso daga Kano a 1824, sai da ya yi kusan mako uku kafin ya iso Sakkwato, inda aka sauke shi a hannun Giɗaɗo. Da ya dawo karo na biyu ɗauke da saƙo da kyaututtuka zuwa ga Shehun Borno, alhali yaƙi ya sake tashi tsakanin Borno da Sakkwato, Bello ya hana kayan wucewa. A Sakkwato Clapperton ya rasu a Afrilu 1827. Tun a wancan zamani an san cewa wanda ya riƙe hanyar da saƙo ke bi ya riƙe rabin rigimar.

Kada a ɗauka komai na da daidai yake. Da Sarkin Kano Bello ya rasu a 1893, Waziri Buhari yana Kano, yana ganin inda zukatan mutane suka karkata, umarni ya zo daga Sarkin Musulmi Abdurrahman cewa a naɗa Tukur. Ya naɗa shi, yaƙin basasa ya biyo baya. Ciwon jakada ke nan tun fil azal: shi ke ganin abin da ke ƙasa, wani can nesa ke yanke hukunci.

Jakadanci irin na zamani ya fara wa Nijeriya a 1957, da aka ɗauki matasa 12 aka tura su koyon aiki kafin samun 'yancin kai. Cikinsu akwai Aminu Sanusi, mahaifin Muhammadu Sanusi II. Sakkwato ma ta ba da nata, irin su Hamzat Ahmadu, Walin Sakkwato, da ya wakilci Nijeriya a Amurka, da Shehu Malami, Sarkin Sudan na Wurno, da ya wakilce ta a Afirka ta Kudu. Hanyar shiga iri biyu ce. Akwai wanda shugaban ƙasa ke ɗaukowa daga siyasa ko kasuwanci ya naɗa. Akwai kuma ɗan gida, wanda ya shiga Ma'aikatar Harkokin Waje yana ƙaramin jami'i, aka horar da shi a makarantar jami'an ma'aikatar, ya hau tsani daga sakatare na uku zuwa na biyu zuwa na ɗaya, ya yi shekaru yana ɗaukar bayanin taro yana riƙe wa manya jaka, kafin wata rana ya miƙa takardar kama aiki ga shugaban wata ƙasa. Yarjejeniyar Vienna ta 1961 ta ba shi kariya: ba a kama shi, ba a kutsa ofishinsa, ba a buɗe jakar saƙonninsa.

Mai kallo daga nesa liyafa yake gani da mota mai tuta. Yawancin aikin kuwa gaisuwa ce da sauraro. Jakada nagari yana zuwa ta'aziyya, yana zuwa ɗaurin aure, ya san wane hafsan soja ne aka tsallake a ƙarin girma, wane ɗan kasuwa ne shugaban ƙasa ke jin maganarsa, wane malami ne in ya yi huɗuba gari ke motsi. Da dare ya zauna ya rubuta rahoto zuwa gida. Shekara da shekaru zai yi yana wannan ba a ga amfaninsa a fili ba, sai ranar da rikici ya ɓarke, a nemi wanda zai buga waya a ɗauka. Aikinsa ya yi kama da na dillali a kara: ya ja mai saye gefe, ya ja mai sayarwa gefe, kowa ya rage wani abu ba tare da kasuwa ta ji wa ya fara sassautowa ba. Da za a riƙa shelanta kowane tayi da lasifika, da ba a sallama sa ko ɗaya ba.

To wannan janyewa gefe ita ce abu na farko da na'ura ta taɓa. A 2010 shafin WikiLeaks ya fara sakin rahotannin sirri na ofisoshin jakadancin Amurka kimanin 250,000, ciki har da na Abuja da Legas. Manyan mutane suka wayi gari suka ga hirar da suka yi a falo, suna zaton ta mutu a nan, tana yawo a jaridu. Tun daga lokacin, duk wanda zai yi magana da jakada yana yi ne da sanin cewa wata rana za a iya karanta ta. Yau ma abin ya wuce haka, don wayar da ke aljihun kowane mai kawo shayi tana iya naɗar murya.

Abu na biyu shi ne lokaci. A rikicin makamai masu linzami na Kuba a 1962, saƙon shugaban Tarayyar Sobiyet Nikita Khrushchev kan ɗauki sa'o'i da yawa kafin a aika, a warware rubutun sirri, a fassara wa Shugaba Kennedy, har ta kai amsarsa ta ƙarshe a Rediyon Mosko aka karanta ta don gudun jinkiri. Wannan ne ya sa aka kafa layin kai tsaye tsakanin ƙasashen biyu a 1963. A lokacin jinkiri ne haɗarin, kuma ba wanda zai yi musun alherin saurin da aka samu. Da sojoji suka kifar da Ibrahim Boubacar Keïta a Mali a Agusta 2020, ana tsakiyar annobar korona, shugabannin ECOWAS ta bidiyo suka yi taron gaggawa cikin kwana biyu. A Fabrairu 2022, gajeren bidiyon da shugaban Ukraine Volodymyr Zelensky ya ɗauka da waya a titin Kyiv ya kashe jita-jitar cewa ya gudu, ya kuma jawo masa taimakon da wasiƙu ɗari ba za su jawo ba. Amma yanzu haɗarin ya koma ɗaya gefen. Ranar 31 ga Oktoba, 2025, Trump ya sa Nijeriya cikin jerin ƙasashen da Amurka ke zargi da tauye 'yancin addini. Washegari ya rubuta cewa ya umarci ma'aikatar yaƙinsa ta shirya, sakataren ma'aikatar Pete Hegseth ya amsa masa a X a bainar jama'a. Ba takarda, ba hatimi, ba manzo. Shugaba Tinubu shi ma a X ya mayar da martani. Maganar da a da za ta bi ta hannun mutum goma, kowa ya rage mata kaifi, yanzu daga babban yatsan shugaba take tashi ta faɗa aljihun mutum miliyan.

Abin da ke ci mini rai shi ne, ranar da wannan barazana ta fito Nijeriya ba ta da cikakken jakada a Washington. Tun Satumba 2023 aka kira jakadunmu gida, ofisoshin suka zauna a hannun muƙaddasai fiye da shekara biyu, sai a ƙarshen Nuwamba 2025 aka fara aika wa Majalisar Dattawa sunayen sababbi. Muƙaddashi yana iya ƙoƙarinsa, amma akwai ƙofofin da ba a buɗe masa. A wannan tsakani wasu sun yi ta shiga ofisoshin 'yan majalisar Amurka da gidajen talabijin ɗinsu suna ba da labarin Nijeriya yadda suka ga dama, alhali mutumin Isa da Sabon Birni da Tangaza, wanda 'yan bindiga da Lakurawa suka hana noma, babu mai kai nasa labarin. Sai da wuta ta kama aka tura tawaga ƙarƙashin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Nuhu Ribadu, a Nuwamba. Wataƙila an ɗauka tunda minista na iya kiran minista ta waya, kujerar jakada ado ce. Minti 19 na waya suna iya daidaita lokacin harba makami, amma ba su isa su gyara fahimtar da aka bari ta karkace shekara biyu ba.

Inda aka fi ganin abin da ya rage wa wannan sana'a shi ne rikicin Nijar. Mu nan ba labarin nesa ba ne. Iyakar ƙasashen biyu ta kai kimanin kilomita 1,500, ta ratsa jihohi bakwai, kuma da wuya ka sami gida a ƙasar Sakkwato da ba shi da dangi ko abokin ciniki a Ƙonni ko Dogon Dutsi ko Tawa. Tsofaffi a Nijar har yau suna tuna yunwar 1984 da suka laƙaba wa sunan Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar da gwamnatin Janar Buhari ta yi.

Ranar 26 ga Yuli, 2023, dogaran fadar shugaban ƙasa suka tsare shugaban Nijar Mohamed Bazoum. Abin da ba a saba gani ba, wanda aka hamɓarar yana tsare amma wayarsa na hannunsa. Ya yi rubutu a Twitter, ya yi magana da shugabannin duniya, har jaridar Washington Post ta buga maƙalarsa ranar 3 ga Agusta yana neman a kawo ɗauki. Daga can gefe kuma Yevgeny Prigozhin na sojojin hayar Wagner ya saki saƙon murya a Telegram yana yaba juyin mulkin. Ranar 30 ga Yuli shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja, suka ƙaƙaba takunkumi, suka ba sojoji wa'adin mako ɗaya su mayar da Bazoum ko a yi amfani da ƙarfi. Nijeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki, aka rufe Illela da Kamba da Jibiya, motocin kaya suka yi layi, albasa ta ruɓe a kansu. An karanta wa'adin gaban kyamarori, cikin minti kaɗan ya shiga kowace waya a Yamai. Magana zarar bunu ce. Daga wannan rana jagoran juyin mulkin, Janar Abdourahamane Tiani, ba zai iya ja da baya ba tare da mutanensa sun ga ya tsorata ba, ECOWAS ma haka. An aika wa'adi kafin a aika manzo, kuma duk wahalar da ta biyo baya daga nan ta samo tushe.

Ranar 3 ga Agusta aka tura Janar Abdulsalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar. Zaɓin ya dace. Sarkin Musulmi tsohon birgediya janar ne, ya yi aikin kiyaye zaman lafiya a Chadi da Saliyo, ya zama jami'in tsaro a ofishin jakadancin Nijeriya a Pakistan kafin ya hau gadon sarauta a 2006, kuma sunan gidansa yana da nauyi a Nijar kamar yadda yake da shi a nan. Duk da haka tawagar ba ta wuce filin jirgin saman Yamai ba, ta juyo ba ta ga Tiani ba, ba ta ga Bazoum ba. Victoria Nuland ta Amurka ta je ranar 7 ga wata, ita ma ba a haɗa ta da Tiani ba. Washegari aka hana tawagar haɗin gwiwa ta ECOWAS da Tarayyar Afirka da Majalisar Ɗinkin Duniya zuwa.

A waɗannan kwanaki duk mai waya ya san abin da muka gani. Tsofaffin bidiyoyin jerin gwanon motocin soja aka riƙa turowa ana cewa ga su nan sun doshi iyaka. Saƙonnin murya marasa suna suna ta yawo, wannan ya ce an fara, wancan ya ce daren yau ne. Sai dai wayar nan ita ce kuma ta kai muryar talakawan Arewa Abuja da saurin da ba a taɓa gani ba. Malamai suka yi magana, 'yan kasuwa suka yi, sanatocin Arewa suka fito suka ƙi yaƙi, ranar 5 ga Agusta Majalisar Dattawa ta shawarci shugaban ƙasa ya bi hanyar sulhu. Jama'a sun shigo zauren da a da sarakuna da manzanninsu kaɗai ke zama, kuma a wannan karon shigowarsu alheri ce.

Wa aka buɗe wa ƙofa? Ranar 9 ga Agusta Muhammadu Sanusi II ya shiga wurin Tiani tare da Sarkin Damagaram, ya ce don kansa ya je ba gwamnati ta aike shi ba, ya dawo ya wuce fadar shugaban ƙasa a Abuja. Ranar 12 ga wata tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta zauna da Tiani da firaministansa Ali Mahaman Lamine Zeine na tsawon sa'o'i. Bayanin da malaman suka kawo shi ne, abin da ya ɓata wa sojojin rai an ba su wa'adi ba a saurare su ba, kuma Tiani ya ba da haƙuri kan yadda aka yi wa tawagar farko. Mako ɗaya bayan haka, ranar 19 ga Agusta, Abdulsalami da Sarkin Musulmi suka koma, suka ga Tiani, suka ga Bazoum. Ba a mayar da Bazoum kan mulki ba, wannan gaskiya ne. Amma ba a yi yaƙi ba, kuma duk wanda ke da ɗan'uwa a tsallaken iyaka ya san girman wannan.

Waɗanda suka buɗe ƙofar nan babu wanda ya yi da na'ura. Sun je da ƙafarsu, sun gaisa da harshen da mai gida ke ji, sun bar shi ya fitar da abin da ke cikinsa. Zuwa da kai ya fi aike. Akwai haƙurin da shugaban soja zai iya bayarwa a ɗaki gaban malamai wanda ba zai taɓa rubuta shi a X ba, domin a ɗaki girmamawa ce, a waya kuwa za a kira shi faɗuwa. Abdulsalami da Sarkin Musulmi kuma sun nuna ɗaya rabin sana'ar: an bar su a filin jirgi, duniya ta gani, ba su fito sun yi ɓaɓatu ba, da aka ce su koma suka koma. Da ɗayansu ya huce haushinsa a shafin sada zumunta a daren farko, da babu tafiya ta biyu.

ECOWAS ta ɗage takunkumi ranar 24 ga Fabrairu, 2024, aka buɗe iyaka a Maris. Amma rigimar ta sake salo. Ranar 25 ga Disamba, 2024, Tiani ya yi doguwar hira da Hausa a gidan talabijin na ƙasarsa, ya zargi hukumomin Nijeriya da sanin shirin Faransa na dagula Nijar, ya ambaci Lakurawa da wani daji a Jihar Sakkwato, ya kama sunayen manyan jami'ai. Hirar ba ta bi ta ofishin jakadanci ba. An yanyanka ta gutsi-gutsi, ta bazu a TikTok da Facebook da WhatsApp, aka saurare ta a tashar mota da teburin mai shayi daga Kebbe har Maiduguri. Ya tsallake gwamnatin Nijeriya ya yi magana da talakawanta kai tsaye, da harshen da suke mafarki da shi. Sanarwar Turanci da aka fitar a Abuja ba ta isa inda hirar ta isa ba. Sai da Ribadu ya zauna da Sashen Hausa na BBC ya musanta zargin da bakinsa sannan aka sami amsar da ta bi sawun maganar. Watanni kaɗan bayan haka, a 2025, Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta mayar da Faransanci harshen aiki.

Wannan darasi ne ga duk yaron Kebbe ko Tambuwal da ke karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana burin shiga wannan aiki. A da ana ce masa ya ƙware a Turanci da Faransanci, kuma har yanzu yana bukatarsu, da Larabci in da hali. Amma Hausar da ya tashi da ita ta zama kayan aiki na sahun gaba, kuma ba ta gaisuwa kaɗai ba, irin wadda za a tsaya gaban kyamara a warware zargi mai sarƙaƙiya cikin minti biyu ba a yi ƙarya ba, ba a zagi kowa ba. Yana bukatar sanin yadda ake gane tsohon bidiyo da aka sabunta masa kwanan wata, da muryar da aka ƙera da ƙirƙirarriyar basira. Yana bukatar sanin cewa kamfanonin da ke riƙe da shafukan nan sun zama kamar ƙasashe: da Twitter ta goge rubutun Shugaba Buhari a Yuni 2021, gwamnati ta dakatar da ita, sai da aka yi wata bakwai ana tattaunawa kafin a buɗe ta a Janairu 2022, Denmark kuwa tun 2017 ta naɗa jakada na musamman ga kamfanonin fasaha. Ya kuma tuna cewa ba kowa ke kan layi ba. A Satumba 2021, da aka katse sabis a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, mutane rediyo suka koma da bakin matafiya. Bayanin da aka wallafa a X kaɗai bai kai ƙauye ba, sai an bi da shi ta rediyo, ta hakimi, ta limamin Juma'a. A ganina, duk ranar da gwamnati ta amince wa wata ƙasa ta yi wani aiki a ƙasarmu, bayanin da za a yi wa mutanen wurin da harshensu ya kamata ya kasance cikin abin da aka daidaita tun a wayar farko.

Bayan hirar Tiani, sai da aka yi kusan wata huɗu kafin Tuggar ya sauka a Yamai a Afrilu 2025 ya zauna da takwaransa Bakary Yaou Sangaré. Sun yi maganar farfaɗo da Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar, wadda aka kafa tun 1971 mai hedikwata a Yamai, da titin jirgin ƙasa na Kano zuwa Maraɗi, da tsaron iyaka, da kasuwannin da ke bakinta. Sanarwar bayan taron ba ta yi yawo a waya ba, don babu zagi a cikinta. Ƙananan jami'an da suka yi makonni suna kai da komo kan kowace jimla, ba a san sunayensu ba. Nijar dai ta riga ta fice daga ECOWAS tun 29 ga Janairu, 2025, tare da Mali da Burkina Faso. Har ƙarshen shekarar Bazoum yana tsare, Lakurawa kuma suna ratsa iyaka ta Gudu da Tangaza, inda sojojin ƙasashen biyu ke bukatar su riƙa ɗaukar wayar juna.